Mai Gida da Baƙo a Filin Ƙwallo

Jawabin da aka gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati masu ɗaukar nauyin wasannin matasa a ƙasar Damargu



Duk wanda ya taɓa zama a wata fadar samari ta Tanut ko ta Belbeji da daddare, ana zagaya kofin shayi, ya san hirar ƙwallo kashi biyu ce. Kashi na farko gajere ne: wa ya ci, wa ya zubar da fenariti, wane mai tsaron raga ne ya yi barci. Kashi na biyu shi ne mai tsawo, kuma shi ne mai daɗi a bakin masu ba da shi: ranar da aka bi alƙalin wasa da gudu har cikin gonar gero, ranar da aka yi wa motar baƙi ruwan duwatsu, ranar da aka watse ba a kai ga miƙa kofi ba. Ana ba da irin wannan labari ana ƙyalƙyala dariya, har wani ya ture hula ya nuna tabon goshinsa kamar lambar girma. Ba a cika tunawa da wanda ya biya kuɗin gilashin mota ba, ko malamin lakwal da ya rantse ba zai ƙara hura usur ba, ko ƙauyuka biyu da suka shekara suna gaisuwa sama-sama a kasuwa saboda ƙwallo ɗaya da aka soke.

Wannan magana ta shafi mutanen da ke zaune a nan fiye da yadda ta shafi yaran da ke guje-guje cikin rairayi. Yaro ba ya sayen kofi, ba ya ɗinka riguna goma sha ɗaya, ba ya zuba wa babbar mota mai. Ɗan kasuwa ne ke yi. Haka kuma ba yaro ne ke ba da izinin wasa ba, ba shi ke kiran jandarma ba, ba shi ke naɗa alƙali ba. Ma'aikaci ne ke yi. Idan fili ya rikice, hannun da ya ɗauki dutse ake gani, amma hannun da ya shirya taron ya riga shi isa wurin.

Damargu ƙasar baƙi ce tun asalinta. Ayarin Abzinawa da ke saukowa daga Ayar zuwa Damagaram da Kano a nan yake yada zango, ya bar gishirin Bilma da dabino, ya ɗauki gero. Kasuwar Jajiduna ta yi suna tun kafin Tanut ta zama mazaunin hukuma. Dagirawa da Hausawa da Buzaye da Filani da Larabawa rijiya ɗaya suke ja, kuma kowane ɗan kasuwa ya gaji wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: wanda ya bari aka wulaƙanta baƙo a ƙofar rumfarsa ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Abin mamaki shi ne yadda wannan ƙa'ida, da ake kiyayewa kwana shida a mako, take tafiya hutu da zarar an ja layin fili aka kafa sanduna biyu a kowane gefe.

Kada a ɗauka adawa ce laifin. Adawa ita ce gishirin wasa, kuma ita ta gina ƙwallon Nijar. Manyan ƙungiyoyin Yamai biyu, Olympic da Sahel, daga unguwanni suka fito, ana kiransu Sakter 6 da Sakter 7 kafin su sake suna. Da Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram ta bi bayanta a 1984, abin da ya fi yi wa mutanen gabas daɗi shi ne an nuna wa babban birni cewa a wajensa ma ana iya taka leda. Tun da aka yanke Belbeji daga jikin Tanut aka mai da ita gunduma mai cin gashin kanta a 2011, karawar matasan garuruwan biyu ta samu ɗanɗano irin na wa da ƙane, kuma babu aibu a ciki. Kakanni ma sun san yadda ake sarrafa abin da ya fi wannan zafi. Damagarawa da Kanawa sun gwabza yaƙi na gaske a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, cikin shekarun ƙarshe na ƙarni na 19, an zubar da jini, an kama bayi. Yau jikokinsu taubasai ne, Bakano ya tsokani Badamagare a Kantin Kwari a rabu ana dariya. Haka Barebari da Filani. Wannan wasan taubasantaka na Nijar har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kundin al'adun duniya a 2014. Al'ummar da ta iya mai da yaƙi wasa, abin kunya ne a ce ta mai da wasa yaƙi.

To, a ina adawa ke lalacewa? Misali mafi kusa, wanda duk mai zuwa sarin kaya Kano ya ji labarinsa, shi ne na Kano Pillars.

An kafa Pillars a 1990, aka haɗe ƙungiyoyi uku na birnin suka zama ɗaya. Ta ɗauki kofin Najeriya a 2008, sannan sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ahmed Musa a cikinta ya yi suna kafin ya haye Turai. Babu wata ƙungiya a ƙasar Hausa da ke tara jama'a kamarta, kuma kirarinta kalmomi uku ne da kowa ya sani: Sai Masu Gida. Wannan kirari ya daɗe yana da hujja, domin daga 2003 har zuwa 2015 babu ƙungiyar da ta je Kano ta ci Pillars a gasar lig. Shekara 12, wasa sama da 200, sai da Nasarawa United ta zo ta karya tarihin da ci 2 da 1.

Magoya baya suna tuna waɗannan shekaru da alfahari, kuma sun cancanta, gama ƙungiyar ta yi ƴan wasa na ƙwarai. Sai dai a tsaya a duba abin da irin wannan tarihi ke dasawa a zuciya. Yaron da aka fara kai wa filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana shekara takwas, ya kai ashirin bai taɓa ganin an ci masu gida a gida ba. A wurinsa rashin nasara ya fita daga cikin abubuwan da wasa ke iya kawowa. Idan ya faru, to wani ne ya yi zamba: ko alƙali ya ci kuɗi, ko mai tuta ya makance da gangan. Kuma wannan cuta ba ta Kano kaɗai ba ce. An daɗe a gasar Najeriya cin wasa a waje yana da wuya ƙwarai, saboda dalilai da kowa ya sani a can. Yawancin ƙungiyoyin mallakar gwamnatocin jihohi ne, shugabanninsu naɗin siyasa ne da ke tsoron fushin gwamna, kuma an yi zamanin da ƙungiyar gida ce ke ɗaukar ɗawainiyar alƙalan da za su hukunta wasanta. Mutumin da ka saukar, ka ciyar, kai ne kuma za ka raka shi ya fita gari lafiya, da wane ido zai dube ka ya hura maka fenariti a minti na 89? Kowace ƙungiya ta san za a danne ta a waje, saboda haka ta ɗauki makin gida tamkar gadon uba, wanda ba a taɓawa sai da jini.

A watan Yuni na 2019, a filin Agege da ke Legas, wasan Pillars da Enugu Rangers ya tashi 1 da 1, magoya baya suka kutsa fili suka bi alƙali. Aka ci ƙungiyar tara, aka dakatar da kaftin ɗinta Rabi'u Ali. Amma ranar da ta fi zama a bakin mutane ita ce 16 ga Afrilu 2022. Pillars ta daɗe tana buga wasanninta na gida a Kaduna, ranar ce ta dawo Kano, kuma baƙuwarta Katsina United ce. Tsakanin garuruwan biyu tafiyar da ba ta kai awa uku ba ce. Harshe ɗaya, sutura ɗaya, auratayya ba iyaka. Ƙungiyoyin biyu kuma duk suna kusa da gindin tebur. Aka shiga minti goma sha na ƙarshe babu wanda ya ci, sai ƴan kallo suka ɓalle, wasa ya tsaya, aka farfasa motar Katsina United. Hukumar gasar ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta rage mata maki 3, ta kore ta zuwa Abuja.

In aka tambayi Bakano, zai ce ramuwa ce, zai lissafa ranar da aka takura wa ƴan wasansu a Katsina. In aka tambayi Bakatsine, shi ma yana da tasa ranar da ta riga waccan. Haka littafin bashin magoya baya yake a ko'ina: kowa yana buɗe shi daga shafin da aka cuce shi, ba a taɓa samun wanda ya yarda shafin farko nasa ne ba. Wata biyu bayan haka, a wasa da Dakkada, shugaban Pillars na lokacin da kansa ya ɗaga hannu kan mataimakin alƙali. Aka kore shi daga harkar gasar, aka sake rage wa ƙungiyar maki. Wannan ya kamata manya su riƙe da kyau. Ranar nan mai babbar riga ne ya yi dukan, yaran kuwa suna kallo suna koyo.

Da kakar ta ƙare, Kano Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Katsina United ita ma ta faɗa. Maƙwabta biyu da suka yi ta jifan juna don kada ɗaya ya riga ɗaya nitsewa, rami ɗaya suka tarar da kansu, suka shekara a ciki, suka hauro tare a 2023. Da an ce darasi ya shiga. Ina! Ranar 12 ga Oktoba 2025, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a minti na ƙarshe a Kano, aka tashi 1 da 1, aka sake afka wa alƙalai da baƙi. Ahmed Musa, wanda a lokacin yake manajan ƙungiyar, ya fito ya ba da haƙuri. Hukuncin ya haɗa da tarar naira miliyan 9.5 da rage maki 3 da rufe filin Ƙofar Mata, aka ce masu gida su je su yi gida a wani gari. Garin da aka zaɓa musu kuwa shi ne Katsina. Ba a yi wata guda ba, a wannan fili na Katsina, aka ji wa wani ɗan wasan Barau FC rauni a wuya, Katsina United ita ma aka tura ta Jos.

Ƴan kasuwa sun fi kowa iya lissafin wannan asara. Ranar wasa a Ƙofar Mata rana ce ta mai ruwan sanyi da mai tsire da mai rake da ɗan adaidaita da mai sayar da rigunan ƙungiya. Idan aka rufe fili, wanda ya yi jifa ya koma gida ya kwanta. Waɗannan ne ke biyan tarar da babu wanda ya rubuta musu.

Wani zai ce: Kano birni ce, Tanut kuwa fili ne babu katanga, alƙali mushen lakwal ne, kyauta kofi ce da rago ko ƴan jikkuna. Gaskiya ne. Amma wanda ya san gasar babban hutu da ake yi tsakanin unguwanni da ƙauyuka ya san tsiron iri ɗaya ne, tukunyar ce kawai ƙarama. Ana zargin an ɗauko ƴan haya daga Damagaram an sa musu rigar ƙauye. Ana gardamar shekarun wani mai gemu da aka ce ɗan sha bakwai ne. Ana cewa an binne laya a gindin sandar raga. Alƙali kuwa ɗan gari ne, gobe zai sayi goro wurin kawun mai tsaron raga, matarsa za ta je rijiya tare da uwar kaftin. Ƴan kallo suna tsaye a kan layi, ba abin da ya raba su da ƴan wasa sai igiya, in ma an ɗaura. Ga kuma dare na matsowa, baƙi suna da tafiyar kilomita 40 ko 50 cikin rairayi a bayan babbar mota. A irin wannan wuri kowa ya san wanda bai kamata ya ci ba tun kafin a take.

Akwai kuma wani abu da Kano ba ta da shi kamar yadda Damargu take da shi. A nan unguwa sau da yawa ƙabila ce, ƙauye kuma sana'a ce: waɗannan manoma, waɗancan makiyaya. Rikicin da ya tashi kan bugun kusurwa yana iya tarar da tsohon miki na ɓarnar gona ko na layin rijiya. Ƙasar nan ba ta manta da Toda ba, a jahar Maraɗi, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, galibi mata da yara. Ba ƙwallo ce ta haddasa shi ba, amma ya nuna saurin da ƙaramar husuma ke yi idan ta samu busasshen kara.

Ga gidajen kallo kuma, inda samari ke biyan ƴan daloli su ga Real Madrid da Barcelona. Galibi abin yana tsayawa a kan baki da caca da gori, ya wuce. Amma a watan Mayu na 2009, daren da Barcelona ta doke Manchester United 2 da 0 a birnin Rum, wani mai goyon bayan United a jihar Ribas ta Najeriya ya tura motarsa cikin masu murna, ya kashe mutum 4. Waɗanda suka buga wasan sun yi musabaha sun musanya riguna, ba su ma san sunan garin ba.

Saura maganar mutuwa mai yawa, domin a nan ne ra'ayin jama'a ya fi kaucewa. Ana ɗauka faɗan magoya baya ne ke kashe ɗaruruwa. In aka bi manyan masifun filayen wasa ɗaya bayan ɗaya, za a tarar faɗan shi ke kunna ashana, amma kisan na ƙofa ne da barkonon tsohuwa.

Ranar 9 ga Mayu 2001, a birnin Ankara na Gana, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2 da 1 da ƙwallaye biyu na kusa da tashi. Magoya bayan Kotoko suka fara ɓalle kujeru suna jefawa cikin fili. Ƴan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin ƴan kallo, jama'a suka ruga matakala, suka tarar da ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka mutu, da yawansu ƴan zango ne, mazauna unguwanni irin su Nima inda Hausa ce harshen titi. Kwamitin bincike ya ɗora laifi kan ƴan sanda, aka gurfanar da manyan jami'ai 6, kotu ta sallame su. Kujerun da aka ɓalle, da an bari an gama ɓalle su duka, kuɗinsu ba zai kai diyyar mutum ɗaya ba.

A ƙasar Indunusiya, ranar 1 ga Oktoba 2022, hukuma ta hana magoya bayan baƙi shiga fili gaba ɗaya don gudun rikici. Arema ta sha kashi a gida hannun Persebaya 3 da 2, abin da ya shekara fiye da 20 bai faru ba. Masu gida suka shiga fili, aka harba hayaƙi, aka matsu a ƙofofi, mutum 135 suka rasu. Babu abokin adawa ko ɗaya a kan benci da za a ce da shi aka yi faɗa. Dokar FIFA ta tsaron filaye ta hana amfani da wannan hayaƙi a cikin fili, kuma dalilin a bayyane yake: hayaƙin an yi shi ne don ya kori mutum, shi kuwa wanda ke cikin katanga ba shi da inda zai gudu sai bayan ɗan'uwansa.

Amma wanda ya fi kama da abin da ake shiryawa a garuruwa irin na Damargu shi ne na Nzerekore, a ƙasar Gine, ranar 1 ga Disamba 2024. Wasan ƙarshe ne na wata gasa da aka shirya don girmama shugaban ƙasa, Janar Mamadi Dumbuya, tsakanin ƙungiyar garin da ta Labe. Aka yi gardama kan jan kati da fenariti a ƙarshen wasa, jifa ya tashi, jami'an tsaro suka harba hayaƙi, dubban mutane suka nufi babbar ƙofa guda. Gwamnati ta ce mutum 56 suka mutu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na yankin suka ce sun haura 130, da yawansu yara. Gasa ce ta nuna ƙauna ga mai mulki, saboda haka cika fili ya fi tsaron fili muhimmanci, kuma manyan da ke zaune a inuwa suna da ra'ayi kan wanda ya dace ya ɗaga kofi.

Wannan kofi na babban mutum sananne ne a ƙasar nan. A zamanin Seyni Kunce samariya ce ke riƙe da wasannin matasa, da abin da ke cikinta na alheri da na tilas. Bayan babban taron ƙasa na 1991, da jam'iyyu suka yawaita, sai kowane mai neman kujera ya gano cewa ƙwallo ɗaya da riguna biyu-biyu sun fi taron gangami araha. Aka ga kofin ɗan majalisa, kofin magajin gari, riguna masu launin jam'iyya, har ya zama in unguwar adawa ta ci, kamar an faɗi zaɓe ne tun kafin a kafa akwati. An rusa jam'iyyun a watan Maris na 2025, amma ba a rusa son a gan ka a inuwar rumfa kana miƙa kofi ba, kuma babu dokar da za ta iya. Ba laifi ba ne mai hali ya taimaki matasa. Damargu tana buƙatar ninkin abin da ake bayarwa, musamman da yake matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a ƙasar Olelewa ba ta ɗauke zaman banza daga fadojin samari ba. Laifin yana farawa ne lokacin da mai ba da kofi yake da ƙungiya a cikin gasar, ya kuma zama shi ke biyan alƙali. Wannan shi ne tsarin da ya kai manyan ƙungiyoyin Najeriya inda aka ji ɗazu, an dai rage masa tsawo ne.

Ƴan kokowa sun fi ƴan ƙwallo sa'a ta wani gefe. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, hukuncin kokowa mai sauƙi ne a ido: wanda ya faɗi ya faɗi, jama'a duka sun gani. Ko a can akan yi gardama, balle ƙwallo, inda satar gida da taɓa hannu da keta duk sun rataya a kan ganin mutum ɗaya mai gudu cikin ƙura. Alƙalin ƙwallo zai yi kuskure, a Tanut da Madrid duka. Abin da masu shirya gasa za su iya yi shi ne su hana a karanta kuskurensa a matsayin ciniki. Kuɗin alƙalai a tara shi a hannun kwamiti tun kafin wasan farko, a biya su a gaban kowa, kuma wasan Tanut da Belbeji a ɗauko mai hura shi daga Gangara ko Damagaram, ko da kuɗin motarsa ya fi kuɗin ragon kyauta. Gardamar ƴan haya da ta shekaru a kashe ta a ofis da takardun haihuwa mako guda kafin a fara, domin abin da ba a warware a kan tebur ba za a warware shi da sanda. A take wasa da wuri, yadda baƙi za su kama hanya da sauran rana. Inda fili yake da katanga, ƙofofi su kasance a buɗe tun kafin a busa tashi, da mutum tsaye a kowace. Shi kuma ma'aikacin da ke rubuta takardar neman jami'an tsaro, ya zauna da shugabansu a fahimci juna a kan hayaƙi kafin ranar, kada a bar shawarar ga saurayin jami'i da dutse ya samu a kafaɗa.

Hukunci kuma ya hau kan masu gida. Wannan ne wurin da kwamitoci ke jin nauyi, domin masu gida su ne maƙwabtansu, su ne kuma ke sayen kayansu. Amma hukumar gasar Najeriya, duk da rauninta, ta gane abu ɗaya: tarar kuɗi gwamna ne ke biya, ba wanda ya ji a jikinsa; rage maki da ɗauke wasa daga gari su ne ke sa dattawan ƴan kallo su riƙe hannun yaransu. A Damargu ma haka zai kasance. Unguwar da aka jefi baƙo a filinta ta rasa karɓar wasa shekara mai zuwa, ko da unguwar mai ba da kofi ce, ko da ta shugaban kwamiti ce.

Akwai wata rana da magoya baya a duk faɗin Nijar ke tunawa ba tare da tabo ba: 10 ga Oktoba 2010, da Mena ta ci Masar, mai riƙe da kofin Afirka sau uku a jere, 1 da 0 a filin Seyni Kunce, Musa Maazu ya jefa ƙwallon. Daga nan ƙasar ta samu zuwa gasar Afirka karo na farko a 2012, ta sake zuwa a 2013. Masarawa sun sha kashi, sun hau jirginsu lafiya, kuma babu wanda ya ce nasarar ta ragu don ba a fasa musu mota ba.

Dattawan Damargu suna da tsarin da ya girmi FIFA, wato na fatoma. Baƙon da ya sauka da raƙumansa yana da mai masauki, wanda ke amsa sunansa, ya tsare kayansa, ya raka shi har bayan gari. Babu abin da ya hana kowace ƙungiyar baƙi a ba ta fatoma daga cikin alhazan garin da ta je: ta sauka a ƙofar gidansa, ta sha ruwansa, ya zauna a bencinta lokacin wasa, in an tashi ya shiga gaban motarta har a wuce gonakin ƙarshe. Kwamitin gasa ya rubuta sunan kowane mai masauki kusa da sunan ƙungiyar da aka damƙa masa, a karanta a lasifika kafin a take ƙwallo.